Rariyar da Muka Toshe

Makullin ɗakin Kaka yana ɗaure a bakin zanen Goggo, kuma sai da muka yi kwana uku muna zarya kafin ta kwance shi. Ba ta taɓa cewa ba za ta bayar ba. Kullum muka zo sai ta ce rana ta yi zafi, ko mu bari a yi la'asar, ko ta sa a damo mana fura ta kama wani labari dabam. A rana ta huɗu, mako guda bayan ƙaramar sallar 2024, ta miƙo shi ba tare da ta dube mu ba, ta ce, "Ga shi nan. Amma duk abin da ba ku san shi ba, ku tambaya." Muka ce to. Mun ɗauka irin gargaɗin tsofaffi ne da ake amsawa da to a wuce.

Gidan yana cikin birnin Kano, a wani lungu tsakanin Kasuwar Kurmi da Dutsen Dala, inda mota ba ta shiga, adaidaita sahu ma sai dai ta sauke mutum a bakin titi ya ƙarasa da ƙafa. Kakanmu ne ya gina shi da kuɗin ɗinkin hannu, zamanin da babbar riga mai aska takwas take shafe watanni a cinyar mutum ɗaya. Ginin ƙasa ne: zaure, soro na biyu, tsakar gida mai rijiya, ɗakuna shida, da ɗan bene a kan zaure. A nan aka haifi babanmu da Baffa da Goggo, manyan cikinmu ma a nan aka yanke musu cibiya. Amma a yau babu jika ko ɗaya da yake kwana a ciki. Muna Abuja, muna Legas, muna Kaduna; waɗanda suke Kano ma sun koma Hotoro da Rijiyar Zaki, sai salla ko rasuwa ke kawo su.

Tun da kakanmu ya rasu ba a raba gidan ba, don babu wanda zai iya buɗe baki ya yi zancen rabo Kaka tana zaune a ɗakinta. Da ta bi shi, zancen ya taso da kansa. Wani ɗan kasuwa ya aiko yana so ya saya, ya rushe, ya yi sito, tunda Kurmi na kusa. Baffa ya karkata ga a sayar, kuma babu mai ganin laifinsa. Ɗan fansho ne, yana da 'yan mata biyu da aka sa wa rana, ga shi tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 komai ya yi tashin gwauron zabi. Haƙƙinsa ne, shari'a ta ba shi. Goggo kuwa, da ta dawo gidan tun bayan takabarta, rabonta rabin na namiji ne, ba zai saya mata ko ɗaki ɗaya a cikin gari ba. Kason babanmu, Allah ya jiƙansa, shi ya faɗo kanmu. Sai muka roƙi Baffa ya ba mu lokaci mu kwashe gidan mu gyara. Idan ya zaunu, za mu riƙa biyansa kasonsa kaɗan-kaɗan, idan bai zaunu ba a kira mai sito. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya sa ku iya."

Biyu daga cikinmu ilimin kwamfuta muka karanta, rubuta manhaja ce sana'armu, don haka mu aka ɗora wa tsara aikin. Muka buɗe zauren WhatsApp na iyali, muka yanka wa kowa abin da zai riƙa turowa a wata, muka zana jadawali mai gida uku: abin da za a ajiye, abin da za a bayar, abin da za a zubar. Duk abin da aka fito da shi a ɗauki hotonsa, a ba shi lamba, a jefa shi a gidansa. Mun ƙiyasta mako biyu zai ishe mu kwasar kaya. Har yabon kanmu muka yi.

Ɗakin Kaka ya tarye mu da ƙamshin da muka sani tun muna yara, turaren wuta da man shanu da tsohon zane. Jerenta yana nan yadda ta bar shi, kwalla kan kwalla har kusa da rufi, langa da fanteka da tasoshin da suka yi baƙi. A ƙarƙashin gadon ƙarfe mai rumfa akwai adaka biyar. Ta farko zannuwan saƙi ne, an shimfiɗe ƙasanta da shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo da suka koma ruwan ƙasa. Ta biyu kayan kakanmu ne: gafakarsa, allurai a cikin kara, takardun haraji, da gwangwanin madara cike da kwabo mai huji da sulalla, kuɗin da suka daina aiki bayan da naira ta maye gurbin fam a Janairun 1973. Yaranmu suka yi ta leƙen juna ta hujin kwabo. Har nan jadawalinmu yana tafiya daidai.

A adaka ta uku ya fara tangaɗi. Autarmu ta ɗago wani ƙulli ta ce atamfofi ne sababbi, a sa su a gidan bayarwa. Goggo da ke zaune a bakin ƙofa ta ce, "Ajiye. Wannan ba namu ba ne." Ta nuna wani jan zare da aka ɗaure a kunnen ƙullin. Na gidan da ke kallon masallaci ne, uwar ta tara wa 'yarta. Wani ƙullin mai baƙin zare da ƙulli biyu, 'yan kunnen zinariya ne na wata mai koko. Kwalla shida daga cikin jeren ma ba na Kaka ba ne. Ashe shekara da shekaru ita ce uwar adashin lungun kuma ita ce ma'ajiyarsa. Matar da take tsoron kada maigida ya sayar mata da abu ranar da babu, ko kishiya ta sa ido, ko gara ta ci, sai ta kawo wa Kaka. Kaka ba ta yi boko ba, ba ta rubuta komai ba. Launin zare da yawan ƙulli su ne rajistarta, kuma mutum ɗaya ne ya rage a duniya da zai iya karanta ta, ga ta nan zaune a bakin ƙofa tana jan carbi.

Dole muka ƙara gida na huɗu a jadawali, muka rubuta masa: ba namu ba. Mako biyun da muka ware wa gidan duka, a mayar da ajiya kaɗai suka ƙare. Muka riƙa bin Goggo gida-gida ɗauke da ƙulli. Wata ta karɓa ta fashe da kuka. Wata ta ce ai ta ɗauka ya bi Kaka. A wani gidan mai ajiyar ta riga ta rasu, 'yarta ba ta ma san uwarta ta bar mata awarwaro ba, sai da aka kira shaidu kafin ta yarda ta karɓa, don akwai sauran magada. Ƙulli ɗaya mai shuɗin zare Goggo ta juya shi ta sake juyawa, ta ce ba ta gane shi ba. Mai unguwa ya yi cigiya, liman ya faɗa bayan sallar asuba, babu wanda ya zo. Yana nan a adakar har yanzu, ba mu kwance shi ba.

Zaure ma haka ya yi mana. Tabarmin da muka tara za mu ƙone, na masallacin lungu ne, ana fito da su ranar ɗaurin aure ko zaman makoki. Dogon abin da aka rataye a sama an rufe da buhu, wanda muka ɗauka tsohon gado ne, makarar unguwa ce, masallacin ba shi da wurin ajiye ta. Kaskon da ke bayan ƙofa na mai ƙosan bakin lungu ne. Da magariba almajirai uku suka zo suka tsaya suna kallon yadda muka share wurin tas, babbansu ya ce, "Yanzu a ina za mu kwana in an fara ruwa?" Mun zo da niyyar kwashe gidan kakanmu, sai ga shi kowane ɗaki muka buɗe akwai wani a ciki.

Da kaya suka fita, gini ya fito fili. Wani abokinmu injiniya ya zagaya sau ɗaya, ya ce a rushe a zuba bulo, gyara zai fi sabon gini tsada. A lokacin buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon shekarar, kuma duk buhu sai an biya mai baro ya shigo da shi lungu. Mai unguwa ne ya ce kafin mu yanke shawara mu nemo wani tsohon magini da ya taɓa yi wa gidan yaɓe yana saurayi. Aka kawo shi a bayan babur, dattijo ne siriri, hannuwansa kamar busasshen reshe. Bai tambaye mu komai ba. Ya bi bangon waje yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa. A wani wurin ƙarar ta fito a cike, a wani wurin ta fito kamar ganga. Ya tsaya a inda ta fi amo ya ce, "Wa ya sa masa siminti?"

Babanmu ne. A Agustan 1988, shekarar da madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle, an yi ruwan da ya rusa gidajen ƙasa masu yawa a Kano. Babanmu yana sabon ma'aikaci, ya tsorata, ya tara albashinsa ya shafe bangon gidan uwarsa da siminti daga sama har ƙasa. Mun tashi muna jin wannan labari a matsayin abin alfahari, kuma abin alfaharin ne. Baba magini ya sa tsinin cokalinsa ya ɓamɓaro ɓawon simintin, ƙasar da ke bayansa ta zubo kamar garin tuwo, da sanyinta. Ya ce, "Ƙasa tana shan ruwa tana fitarwa. In ka rufe ta da siminti, ruwan zai samu tsaga ya shiga, amma ba zai samu hanyar fita ba. Daga waje ka ga gida lafiya lau, daga ciki yana ruɓewa." Ya ga yadda fuskokinmu suka yi, sai ya ƙara da cewa, "Allah ya jiƙan babanku. Kowa haka ya yi a lokacin. Ni ma na shafa wa mutane, an biya ni."

A kwanakin da suka biyo baya muka koyi sunayen abubuwan da muka girma a ƙarƙashinsu ba mu taɓa ɗaga kai mun duba ba. Bangon da tubali aka gina shi, curin ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai da ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, a jera shi kai sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Gindin bangon ya fi samansa kauri nesa ba kusa ba, shi ya sa yake ɗaukar kansa, shi ya sa kuma zauren yake da sanyi da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da ɗakunanmu na bulo da kwano suke zama tanda in an ɗauke wuta. Rufin azara ne, tsagin itacen giginya, wanda gara ba ta cika damunsa ba. Azara ba ta jure nauyin ƙasa in tazarar ta kai mita 2, don haka in ana son ɗaki mai faɗi sai a ɗaura ta hawa-hawa daga bango biyu har ta haɗu a tsakiya ta zama bakan gizo. Wannan dabarar ce Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙarshenta a Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830. Namu bakan gizon guda biyu ne kawai, a zaure, amma Baba magini ya ce ko motsi ba su yi ba.

Abin da yake kare wannan duka daga ruwa shi ne yaɓe. A da, bango ana shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa a jiƙa a kwaɓa da jar ƙasa. Rufi da wuraren da ruwa ya fi duka ana yi musu laso, haɗin katsi daga karofin masu rini da gashin jima da dafara. Ruwan sama kuma indararo ke tofar da shi nesa da gindin bango. Sharaɗin ɗaya ne: kafin kowace damina sai an hau an duba, an toshe tsaga, an sabunta inda ya zaizaye. Simintin babanmu alkawari ya yi cewa an huta da wannan wahala. Shekaru talatin da 'yan kai babu wanda ya sake hawa.

Muka tsaya a tsakiya. Zaure da soro da bene da ɗakin Kaka za su zauna a ƙasarsu, a ɓamɓare simintin a sake yaɓe. Ɗakuna uku na baya da rufinsu ya riga ya lotsa, da madafa da banɗaki, za a sauke su a tayar da bulo a rufa kwano. Ƙasar yaɓen ma sai da tifa ta kawo ta daga bayan gari. Baba magini ya ce da can a kududdufin unguwa ake haƙo ta, kuma kududdufin nan shi ne yake shanye ruwan unguwar in an yi sama. An cike shi, an yi shaguna a kai. Mun ji wannan magana, mun gyaɗa kai, ba mu haɗa ta da komai ba.

A kusurwar tsakar gida, ta bayan rijiya, akwai wani rami a gindin bangon da ya raba mu da maƙwabta, faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba. Daga bakinsa wata 'yar kwata ta bi gefen bango ta fita ta ƙarƙashin soro zuwa lungu. Tun ranar farko ya tsone mana ido. Ta nan ɓeraye suke shigowa, wani lokaci ruwan wanke-wanke yakan ɗigo ya kwanta, ga sauro. Abin da muka gani shi ne dattin gidan wasu yana shigowa gidanmu. Wata Asabar, Baba magini bai zo ba, Goggo ta tafi suna Fagge, ga ragowar rabin buhun siminti. Muka cusa ɓaraguzan bulo a ramin, muka shafe shi sumul, muka jera sauran bulon a gabansa. Muka ɗauki hoto muka tura zauren iyali, aka yi ta turo hannun jinjina. Aikin bai ɗauke mu minti talatin ba.

Bayan kwana tara aka yi ruwan farko mai ƙarfi, cikin dare. Mu biyu da muke kwana a bene saboda gadin kayan aiki muna kwance muna jin daɗin yadda sabon yaɓe ya riƙe, sai muka ji ana dukan ƙofar zaure kamar za a ɓalla ta. Jikan Iya ne, tsohuwar gidan da ke bayanmu, jiƙe sharkaf, yana cewa, "Me kuka yi wa rariya?" Muka bi shi a guje. Gidansu yana tsakiyar gidaje, ba shi da bangon da ya taɓa lungu ta ɓangaren gangare, ƙasar wurin kuwa daga wajen Dala take saukowa. Duk ruwan da ya sauka a rufinsu da tsakar gidansu hanya ɗaya gare shi, ramin nan da muka shafe. Mun tarar da ruwa ya kusa gwiwa. Ya shiga ɗakin Iya, wadda ƙafa ta hana ta tafiya, an ɗauko ta an ɗora a kan turmi an lulluɓa mata leda. Buhun masararsu yana cikin ruwa, katifu suna iyo.

Muka dawo muka rushe jerin bulon, muka kama simintin da guduma da diga, ɗaya na haskawa da fitilar waya. Mun yi aikin da kyau, shi ya sa ya ƙi fasuwa. Da ya buɗe, ruwan ya taho da ƙarfin da ya kusa kayar da mu, ya bi tsohuwar kwatarsa ya fita lungu kamar ba a taɓa tsare shi ba. Amma gindin bangon ya riga ya sha. Kafin asuba wani sashe nasa ya zame ya zauna ta ɓangarensu, a daidai inda yara suke shimfiɗa in ana zafi. Allah ya tsare, ruwan ya kore su daga wurin tun farkon dare.

Da safe Baffa ya zo. Mun sa ran zai ce ga abin da ya sa ya ce a sayar. Bai faɗa ba. Ya dubi ramin ya ce, "Ina yaro, aikina ne wannan. Da an ga hadari ya fara haɗuwa, Malam zai ba ni sanda ya ce in je in zure rariyar gidan Iya. In na manta, bulala ce." Ya gyara hularsa ya ce mu wuce ya raka mu. Muka shiga a bayansa, muka durƙusa. Iya tana kan tabarmar aro, ta saurari ban haƙurin Baffa har ƙarshe, sannan ta ce, "Babu komai, 'ya'yan nan ba su sani ba. Malam da maigidana ba su rubuta takarda ba. Da zai tayar da bangon nan ya ce masa, ga hanyar ruwanka nan na bari. Shi ke nan." Ta juyo gare mu ta ce, "Ku ne masu kwamfuta?" Muka ce mu ne. Ta ce, "Allah ya yi albarka." Da zagi ta yi mana da ya fi sauƙi.

Goggo ba ta yi dogon zance ba. Ta ce, "Na ce ku tambaya," ta ci gaba da tankaɗe.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne mun san wannan doka, da ita muke cin abinci. Duk wanda ya taɓa gadon tsohuwar manhaja ya san irin layin nan da ake tararwa a tsakiyar rubutu, babu bayani, wanda ya rubuta shi ya bar aiki tuntuni, kuma ga dukkan alamu ba ya yin komai. Sabon ma'aikaci yakan goge shi don wuri ya yi tsabta, washegari a wayi gari wani abu ya tsaya cak a wani ofishin da bai ma san yana da alaƙa da su ba. Mu da kanmu muke zaunar da ƙannenmu a wurin aiki muna ce musu kada su cire abin da ba su san dalilin sa shi ba, su fara binciko wa ya dogara da shi. Mun bi wannan ƙa'ida a kan rubutun baƙin da ba mu taɓa gani ba, muka kasa bin ta a kan bangon kakanmu. In za mu faɗi gaskiya, raini ne. A ranmu abin da ke cikin kwamfuta shi ne aka tsara da tunani, gidan ƙasa kuwa tara shi kawai aka yi. Kuma masu bayanin ba su bar aiki ba. Ɗaya tana tankaɗe a tsakar gida, ɗaya yana zaurenmu na WhatsApp, ya ga hoton ma, sai dai jerin bulo ya rufe kusurwar bai gane wurin ba.

Daga baya muka riƙa tunanin da an sayar wa mai sito. Ba mugu ba ne, amma kankare zai zuba daga bango zuwa bango, kuma babu takardar da za ta gaya masa akwai hanyar ruwan wasu a ƙarƙashin kayansa. Da muka fara lura, sai muka ga haka ake yi a lunguna da yawa: wannan ya saya ya ɗaga dandaɓensa, wancan ya toshe, kududdufi ya zama shaguna, ruwan Agusta kuma ya rasa inda zai nufa sai ɗakin wanda ya fi kowa rauni. In gida ya faɗi a ce ginin ƙasa ne ba shi da ƙarko.

Kuɗin da muka ware na tayil da fenti, bangon Iya muka fara tayarwa da su, muka sayi masara da katifa biyu. Rariyar muka faɗaɗa ta, muka sa mata bututu da ragar ƙarfe saboda ɓera, muka gyara kwatar muka rufe ta da marfin da ake ɗagawa. Ɗakunan baya sun tashi da filasta ba fenti, har yanzu haka suke. Mun haɗa sola ƙarama da ke ɗaukar fanka da ƙwai huɗu. Makara ta koma mazauninta, tabarmi ma haka, almajiran sun dawo, sun zama biyar. Mun sa haya a ɗakuna biyu, kuɗin yana tafiya wajen Baffa tare da abin da muke tarawa. An aurar da 'yarsa ɗaya da shi. Ba mu kai rabin kasonsa ba, kuma bai ce ya janye maganar sayarwa ba, ya dai daina tayar da ita. Wasu daga cikinmu sun fara jinkirin turo nasu, ba za mu ce ba su da hujja ba: suna biyan haya a garuruwan da suke, suna gyara gidan da ba za su zauna ba. Ranar da Goggo ba ta nan, ba mu san wa zai zauna a ciki ya san jan zare da baƙi ba.

Abin da muka iya yi shi ne abin da muka saba. Muka zaunar da Goggo da Baffa da Baba magini, kowa da ranarsa, muka kunna waya muna naɗa, muka bi gidan kusurwa-kusurwa muna tambaya: wannan fa, na mene ne, wa yake amfani da shi? Ta haka muka san dakalin ƙofar gida tare ruwan lungu yake yi kada ya ci gindin zaure, ba wurin hira ba ne kawai. Muka san ba a rufe rijiya da kwaɗo, don gida huɗu ne suke ɗiba in famfo ya ɗauke. Muka san 'yar tagar da ke saman ɗakin Kaka an yi ta ne daidai inda iska take fitar da hayaƙin turare da zafi. Muka rubuta duka da Hausa, muka buga, muka ajiye kwafi ɗaya a adakar kakanmu kusa da ƙullin mai shuɗin zare. Goggo ta sa aka karanta mata, ta gyara mana wuri uku, ta ce sauran ba laifi.

Mun kuma sa wa wayoyinmu tuni, duk farkon Afrilu: a kira magini ya hau rufi, a duba indararo, a zure rariya. Da ya buga a bazarar da ta biyo, muka kira Goggo daga Abuja muna jin mun yi abin kai. Ta ce ai tun makon jiya jikan Iya ya zo da sandarsa, shi da almajirai sun zure ta, har sun zuba bokiti biyu sun ga ruwa ya fita lungu. Ta ce Baba magini ma ya leƙo, ya ce akwai tsaga a bayan zanko na gabas, yana son ƙasa baro shida.

"Ku dai ku turo kuɗin," in ji ta, "hadari ya fara haɗuwa."